Asabar shida ina koyon keken dutse a Kaduna

Ranar da na gaya wa Yayata na sayi keke, addu'a ta hau yi mini: Allah ya sa albarka, Allah ya haɗa ni da direba mai amana wanda zai riƙa kawo balas kan lokaci. Na bari ta kai aya, sannan na ce mata ba Napep ba ne, mai ƙafa biyu ne, kuma ni ce zan riƙa hawa. Shirun da ta yi a waya har sai da na duba ko katina ne ya ƙare. Can ta ce, "Ke da girmanki?"

Shekarata 43, yarana huɗu, a Malali nake zaune, aikina kuma irin na daga kujerar mota sai kujerar ofis. Likita ya ce sugana ya zo bakin iyaka, ko in motsa jiki ko in fara haɗiyar ƙwaya. Na gwada zagayen Dandalin Murtala da sassafe har wata biyu, gundura ta kore ni. Rabona da keke kuwa tun ina aji biyar na firamare, lokacin da nake satar Phoenix ɗin Baba a Tudun Wada, in zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya don ban kai sirdi ba. Kakarmu ce ta kashe maganar, da dalilin nan da duk macen da ta tashi a Arewa ta sani, ba sai na faɗa ba.

Tun da na fara fita mata ke tsare ni a gidan biki da ofis: nawa ne keken, ina ake koya, da wane kaya ake hawa, maigida ya yarda? To ga amsar a dunƙule, har da abin da bai yi mini daɗi ba.

Keken na fara saya, kuma a nan na fara tafka kuskure. Wani shagon kekunan gwanjo ne a cikin gari, irin waɗanda muke cewa Beljiyam ko daga ina aka kwaso su. Mai shagon mutum ne mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya aika aka sayo mini ruwa, sannan ya jawo wani baƙin keke mai ƙatuwar taya ya ce, "Hajiya, wannan shi ne na manya, sauran duk na yara ne." Taya inci 29, birkin faifai mai aiki da mai, shokozoba a gaba, giya sai wadda ka zaɓa. Ya sa naira 260,000, muka daidaita a 235,000, na biya ko ɗar ban ji ba. Abin da bai tambaye ni ba, ni ma ban san ana tambaya ba, shi ne tsawona. Mita 1 da santi 58 nake. A jikin ƙarfen da ke riƙe sirdi ga harafin L nan ɓaro-ɓaro, na ɗauka tambarin kamfani ne.

Kwana tara da saye, a wata 'yar gangara da ke bayan layinmu, na hango rami, na damƙe birkin hagu da yatsu huɗu iya ƙarfina. Tayar baya ta ɗaga. Ban ankara ba sai ga ni a ƙasa, keken a kaina, gwiwar hannu ta ɗaye. Almajirai uku ne suka ɗaga ni suna ta "sannu Hajiya", ƙaramin cikinsu yana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. Baban yara bai ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka masa. Auduga da maganin ciwo ya kawo, yana shafawa yana cewa, "Ko dai a mayar masa da abinsa?"

A makon ne wata abokiyar aikina ta turo mini sanarwa ta WhatsApp: horon keken dutse, wato keken da ake hawa a kan duwatsu da hanyoyin daji, na mata zalla, Asabar shida, daga ƙarfe 6:30 zuwa 9 na safe, naira 30,000, wadda ba ta da keke a ara mata. Ni da na zube 235,000 a zama ɗaya, sai da na kwana uku ina juya wannan 30,000 ɗin. Me za a koya mini, ni da na iya keke tun ina 'yar shekara tara?

A wani fili ake yi a hayin kogi, ta wajen Millennium City, inda gine-gine ba su gama cinye gonaki ba. Akwai fako mai faɗi, akwai hanyar burji, akwai kwazazzabo biyu da ruwan damina ya haƙa, kana gangarawa kuma ka tarar da rairayi. Mu 14 ne: ɗalibai, ma'aikatan jinya biyu, wata mai sayar da atamfa, da wata Mama mai jikoki da ta girme mu duka. Kocin 'yar Jos ce, ba ta kai talatin ba, ta ce a duwatsun Shere ta goge. Anti take ce mana duka, ban da Mama.

Ranar farko mun fi rabin awa ba wadda ta taka feda. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana sa kowa ta tsaya ƙafa biyu a ƙasa, keke a tsakanin ƙafafunta. Da ta zo kaina ta ga ina ɗage a kan yatsu, ƙarfen tsakiya ya tokare ni, sai ta ce, "Anti, keken nan na waye?" Na ce nawa ne. Ta ce, "A'a, kin dai biya kuɗinsa." Ta nuna mini harafin nan ta ce girman bodi ne, L na dogaye ne, ni S ya kamace ni. In mutum ya tsaya haka, a samu tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsa da ƙarfen, don ranar da zai diro ba shiri. In bodi ya yi tsawo kuma, sai ka miƙe kana kamo hannun keke, nauyinka duk ya koma gaba. Rabin dalilin faɗuwata ke nan.

Na koma wa mai shago a ranar. Don Allah ban da zalunci, ya karɓa ba tare da dogon musu ba, sai dai ya cire 15,000 na ƙarzuwar da na yi wa fenti, ya ba ni wani mai bodi S da taya inci 26, giyarsa da birkinsa na kamfanin Shimano. Ba macuci ba ne a ganina, rashin sani ne, kuma rashin sanin mai shago kai mai saye yake kayarwa. Duk wadda za ta je, ta auna tsawonta tun daga gida, ta hau ta tsaya a gabansa kafin a fara ciniki. Gaskiya ne taya 29 ta fi haye rami da dutse cikin sauƙi, na ji bambancin a jikina. Amma tub ɗin 26 ko a bakin titin Kawo ka nema za ka samu, na 29 kuwa sai an yi cigiya.

Da birki kaɗai aka koya mini a Asabar shidan nan, da kuɗina ya fita. Yatsa ɗaya ake sawa a hannun birki, manuniya, sauran su riƙe keke. Birkin faifai ba irin na Phoenix ba ne da sai ka matse da dukkan hannu kana jan ƙafa a ƙasa. Kafin ka hau kowane keke kuma, ka tura shi da hannu ka gwada wane ɓangare ne na gaba, don akasari hagu ne, amma waɗanda suka fito daga Ingila dama ne. Bayan faɗuwata na rantse ba ni ba birkin gaba, sai ta ce nan ma wani kuskuren ne: shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, na baya kaɗai jan taya yake sawa a tsakuwa, keke ya yi ta sulɓewa da kai. Abin yi shi ne a matsa su biyun tare a hankali, kamar mai gwada nunar mangwaro, a tashi daga sirdi, a tura ƙugu baya, a sauke dugadugai, feda biyu a daidai ba ɗaya sama ɗaya ƙasa ba. Ta jera robobin ruwa a fako, mu taho a guje mu tsaya kafin roba. Na yi wannan ya fi sau arba'in a safiya ɗaya. Sau goman farko ina wuce robar, ko in tsaya tun da nisa in sa ƙafa. Wajen na talatin sai jikina ya gane abin da kunnena ya daɗe da ji, na tsaya cak, tayar gaba na shafar roba, ban sauke ƙafa ba sai da na ga dama. Mama ta rangaɗa guɗa.

Muna hutawa ta ba mu labarin cewa wasan keken dutse kansa da matsalar birki ya fara. A shekarun 1970 wasu matasa a Kalifoniya ta Amurka suka riƙa gangarowa daga tsaunuka da tsofaffin kekuna masu birkin feda. Kafin su kai ƙasa birkin ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an kwance an sake cusa wani, har gasar tasu ta samo sunanta daga wannan sake cusa giris ɗin. Wasan bai shiga gasar Olamfik ba sai a Atlanta a 1996, inda Paola Pezzo 'yar Italiya ta ci zinaren mata. Da na kawo wa Baban yara labarin, cewa ya yi shi a Atlanta abu biyu ya sani: mun doke Ajantina a ƙwallo, Chioma Ajunwa ta ci dogon tsalle.

Tunda ana maganar birki, bari in yi hannunka mai sanda. A mako na uku hannun birkin baya ya yi laushi, na kai wa wani mai gyara kusa da mu. Ya ce mai ne ya yi ƙasa, ya ɗauko man birkin mota ya ɗura. Kwana huɗu birkin ya cije, taya ta ƙi juyawa. Ashe na Shimano man ma'adini yake sha, nasa na daban, na mota kuwa kumbura robobin ciki yake yi ya kashe su. Sai da aka canza na bayan gaba ɗaya. Yanzu wurin wani dattijo nake kaiwa, wanda ya duba ya ce, "'Yata, wannan ban san cikinsa ba, bari in tambaya," kuma tun daga ranar na yarda da shi. Wadda ba ta da mai gyaran da ya san birkin mai, ta sayi mai birkin faifai na waya. Bai kai wancan kamu ba, amma kowa ya iya shi.

Abu na biyu da ya zauna mini shi ne ido. Koci takan ce inda ido ya je, nan taya take zuwa. Ka ƙura wa dutse ido don kada ka buge shi, shi za ka buga. A bakin kwazazzabo ta tsaya a ɗaya hayin tana ɗaga yatsu, sai ka faɗi nawa ta ɗaga kana gangarowa, don dole ka ɗauke kai daga ramin. Wayo ne mai sauƙi kuma yana ci. A rairayi kuwa akasin abin da zuciya ke so ake yi: ba birki, ba karya kai da ƙarfi, giya mai sauƙi, nauyi a baya, a yi ta juya feda ko keken yana rawa. Na faɗi sau biyu a nan, amma faɗuwar rairayi ba ta da zafi sai kunya.

Darasin giya bai ɗauke mu lokaci ba. A canza kafin a shiga hawa, ba a tsakiyarsa ana danna feda da ƙarfi ba, in ba haka ba sarƙa ta yi ƙara ko ta tsinke. Shi ke nan.

Inda horon ya gaza, kuma gazawa babba a garin nan, shi ne sutura. Sanarwar cewa ta yi a zo da kayan motsa jiki, ba ƙarin bayani. Ranar farko tara daga cikinmu da abaya ko dogon hijabi muka zo. Ba a yi awa guda ba gefen abayar mai atamfa ya shige tsakanin sarƙa da haƙoran giya, ya fizge ta gefe, sai da aka sa reza. Koci ta ruɗe. Ita da matsattsen wando take hawa, kuma da muka tambaye ta mafita ba ta da amsa sai "Anti ku ɗan tattare." Tattarewa ba ta kai minti biyar. Wanda zai tara matan Kaduna ya karɓi kuɗinsu, wannan ce tambayar farko da ya kamata ya zo da amsarta.

Mu muka warware wa kanmu. Mai atamfa ta zana, wata a cikin ɗaliban ta kai wa telarsu: wando mai faɗi daga sama, da roba a idon sawu don kada ya yi lilo kusa da sarƙa, riga har gwiwa mai tsaga a gefe biyu yadda ba za ta maƙale a sirdi ba in an tura ƙugu baya, sai ƙaramin hijabi mai shiga ta kai wanda ya tsaya a ƙirji, a cusa bakinsa cikin riga. Ban da fil ko allura a wuya, don ba ka san ta inda za ka faɗi ba. Yadi mara nauyi mai shan iska, ba mai santsi ba. Ni dai na fita da wannan shigar na gaisa da limamin unguwarmu a hanya ban ji na tsargu ba. A ciki kuma akwai gajeren wando mai soso a mazauni, wanda ba mai gani, kuma ba zan ɓoye ba, shi ya sa nake iya zama a ofis ranar Litinin.

Hular kwano ita ma sai da aka yi mini gyara. Ta gwanjo na saya tare da keken, naira 6,000. Koci ta juya cikinta ta nuna mini wata siririyar tsaga a farin soson. Soson nan sau ɗaya yake aiki: ya murƙushe ya shanye bugu a madadin kai, daga nan ya gama, ko da bayan hular yana ƙyalli. Ta gwanjo ba ka san kan wa ta riga ta ceta ba. Na sayi sabuwa mai lambar EN 1078 a ciki, wato ta cika ƙa'idar Turai, na kuma gwada ta a kan hijabin da zan riƙa hawa da shi, ba a kan ɗankwali mai tudu ba. Gashi a kwantar da shi ƙasa ta ƙeya, in ba haka ba hular ta tsaya a goshi kamar an kifa ƙwarya. Ta 'yan acaba kuwa nauyi da zafi za su kore ka kafin ka kai ko'ina.

Sirdi: na so in sayi ƙato mai laushi irin kujerar falo, ta hana ni. Ta sa kowa ta zauna a kan kwali, ƙasusuwan mazauni suka bar rami biyu, aka auna tsakaninsu, da wannan ake zaɓen faɗin sirdi. Mai laushi sosai daɗinsa na minti goma ne, daga nan ka nutse, matsi ya koma inda bai kamata ba. Wannan maganar ba za ta yiwu a gaban maza ba, kuma ita ce hujjata ga duk mai tambayar amfanin a ce mata zalla.

Kekunan aro kuwa sai a hankali. Guda biyar ne, huɗu masu bodin dogaye, ɗaya birkinsa sai addu'a. Mama da aro ta yi makonta biyu na farko, ƙafarta ba ta kai ƙasa, har sai da ɗanta ya ji tausayi ya sayo mata nata. Da muka yi ƙorafi koci ta yi dariya ta ce ai Ese Ukpeseraye ma, mace ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik, da keken da Jamusawa suka ara mata ta shiga wani tseren a Faris a 2024. Labarin gaskiya ne, amma ba abin kafa hujja ba ne, abin kunya ne. Sannan mutum 14 sun yi wa koci ɗaya yawa. Masu saurin ganewa suna tsaye suna jira, masu tsoro suna jin sun zama kaya. Akwatin magani sai a mako na uku ya bayyana, bayan ma'aikatan jinyar nan sun buɗe wuta. Ba bayan gida a filin, sai a roƙi wani gida da ke kusa. Lokaci dai ba ta wasa da shi, 6:30 tana nan ko da hazo ya rufe gari.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. A mako na huɗu ƙanwar Baban yara ta turo mini hotona, ina tsaye a kan feda baki buɗe, an sa a Instagram ana tallan zagaye na gaba. Ba wanda ya tambaye ni. Ni da sauƙi, maigida ya san inda nake zuwa kuma da yardarsa. Amma akwai wadda a cikinmu sai da ta yi wata guda tana lallashi kafin a bar ta, da sharaɗin ba hoto, kuma daga wannan makon ba ta sake zuwa ba. An sauke hotunan da muka yi magana, an ba da haƙuri, sai dai ita ba ta dawo ba, kuɗinta ma bai dawo ba.

Asabar ta biyar ta gyara ce, kuma na so a ce ita ce ta biyu, don kafin ta zo na riga na yi faci uku. Bayan kaka gefen gonaki cike yake da tsidau, ƙayarsa kuma kamar don taya aka halicce ta. An koya mana cire taya, fitar da tub, shafa yatsa a cikin tayar a hankali a nemo ƙayar kafin a sa sabo, in ba haka ba ka sa ka sake sacewa a nan take. Bawul iri biyu ne, mai kauri irin na mota da siriri mai ɗan noti a ka. Nawa siririn ne, famfon mai faci ba ya kama shi, sai da 'yar mahaɗa ta ƙarfe da yanzu take cikin jakata tare da makullin gida. Kuma kada a bar mai faci ya cika taya ta yi tauri kamar dutse, yadda suka saba. A kwalta hakan yana gudu, amma a tsakuwa tsalle keken zai riƙa yi. Ni a lamba 30 na agogon famfo nake tsayawa. In aka rage da yawa kuma, bakin ƙarfen wili ya cije tub a kan dutse ya huda shi wuri biyu. Sarƙa a lokacin hunturu ba ta son baƙin mai, ƙura yake kamawa ya zama kamar kwaɓin siminti yana cin haƙoran giya. Mai marar danƙo ake ɗigawa kaɗan, a goge saura da tsumma.

Fita ta ƙarshe an sha muhawara. Ɗaliban Kajuru suke so, saboda duwatsun da kuma gidan nan mai kama da fadar Turawan da, wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Wuri ne da aka yi shi don irin wannan keken, ba musu. Amma ba wadda ta manta harin da aka kai can a watan Afrilun 2019, kuma ba mijin da zai sa hannu. Kagoro da Matsirga ta wajen Kafanchan sun yi nisa da zuwa a dawo rana ɗaya. Ƙasar Allah ga ta nan shimfiɗe da tsaunuka, sai dai kallo daga nesa. A ƙarshe Kufena aka tsayar, dutsen nan na Zariya kusa da Wusasa, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. A nan na yaba wa koci: ta je tun ana saura mako, ta gaida masu unguwa, ta samo wani ɗan garin da zai yi mana jagora, ta kuma ce ƙarfe 1 na rana muna kan hanyar gida ko an gama ko ba a gama ba. Kuɗin mota daban muka haɗa, naira 7,000 kowa, aka cire tayoyin gaba aka jera kekuna a bayan bas.

Mu 11 muka je. Hanyar ƙafa ce ta ratsa gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye, sai burtalin shanu mai ramukan kofato da suka bushe suka yi tauri, wanda ya nuna mini amfanin shokozoba fiye da duk bayanin mai shago. Wasu mata suna sheƙa a gindin bishiya, muka rage gudu muka yi musu sannu da aiki. Wata tsohuwa ta dafa ƙugu ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "'Yan nan, mazan naku fa?" Mama ta ce suna gida suna jiran abinci. Dariya har da masu sheƙar.

Falalen dutsen ne abin da ban taɓa ji ba. Da ido kamar santsi zai kwashe ka, amma busasshen dutse kama taya yake yi fiye da burji, in dai ba ruwa ko gansakuka. Akwai wata shimfiɗa mai gangara, tsawonta bai fi ɗaki uku ba, da koci ta ce duk mai so ta gwada. Na tsaya a sama na fi minti biyar. Sannan na tashi daga sirdi, ƙugu baya, dugadugai ƙasa, yatsa ɗaya a kowane birki, idona a kan wata bishiyar ɗorawa da ke can ƙasa, na sauko a hankali har ina jin ƙarar tayar a kan dutse. Akwai ta biyu da ta fi ta tsayi, mai ɗan tsalle a ƙarshe. Ɗalibai uku suka yi, ni na sauka na tura kekena ta gefe, kuma ba wadda ta ce mini komai. Mun yi kilomita 12 a ranar, muka sha fura da nono a bakin hanya, kafin la'asar ina gida ina jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

In an haɗa keke, asarar fenti, sabon birki, hula, ɗinki da tarkacen faci, na haura 300,000, kuma kusan 40,000 a ciki kuɗin rashin sani ne da zan tsira da su da horon na fara zuwa kafin shago. Wadda take shawara, ta fara yin rajista, ta nemi koci ta raka ta sayen keken ko ta rubuta mata girman bodi a takarda. Ta tambaya mutum nawa ne a aji, in sun haura takwas ta jira wani zagayen. Ta ɗinka kayanta tun kafin ranar farko. Likita dai ya duba ni a watan jiya ya ce mu ci gaba a haka, bai rubuta ƙwaya ba tukuna.

Koci ta kira ni shekaranjiya, wai za a buɗe aji na biyu na waɗanda suka gama, za a koyi ɗaga tayar gaba da irin gangaren da na tura keke a Kufena. Na ce mata ina so, amma sai ta rubuta a takardar rajista cewa ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininta, ta kuma kira waccan baiwar Allah ta mayar mata da kuɗin Asabar biyun da ba ta zo ba. Ta ce in sha Allahu. Takardar ba ta iso ba har yanzu, ni kuma ban tura kuɗin ba.